Abu Zaid al-Balkhi, Malamin Da Ya Nema Wa Zuciya Magani

A shekara ta 934 miladiyya, watau shekara ta 322 bayan hijira, Allah ya yi wa wani dattijo rasuwa a ƙauyen Shamistiyan da ke kusa da birnin Balkh, a yankin da a yau yake arewacin ƙasar Afganistan. Sunansa Ahmad ɗan Sahlu, amma an fi saninsa da Abu Zaid al-Balkhi. Mutanen zamaninsa sun san shi da gwanintar rubutun Larabci, waɗanda suka biyo baya kuma suka riƙe shi a matsayin mai zana taswirar ƙasashe. Sai da aka yi shekaru fiye da 1000 sa'an nan sunansa ya sake fitowa ta wata kafa dabam, sa'ad da masana ilmin halayyar ɗan Adam suka buɗe wani littafi nasa suka tarar da bayani a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, da kuma dabarun da mutum zai bi ya rage wa kansa nauyinsu, dabarun da suka yi kama ƙwarai da waɗanda ake koyarwa a asibitocin ƙwaƙwalwa na wannan zamani.

An haife shi wajen shekara ta 850 a wannan ƙauye da ya rasu a cikinsa. Mahaifinsa malamin yara ne, mutumin Sijistan, ba mai dukiya ba kuma ba ɗan sarauta ba. Balkh kuwa a lokacin babban birni ne na lardin Khurasan, mahaɗar fatake daga Indiya da Sin da Farisa, har Larabawa suna yi masa kirari da uwar garuruwa. Daga can zuriyar Barmakawa ta fito, waɗanda suka riƙe wazirci a fadar Haruna Rashid. Yau abin da ya rage na tsohon birnin kufai ne da ɗan ƙaramin gari, kimanin kilomita 20 daga Mazari Sharif, birnin da rundunar Jangiz Khan ta taɓa rushewa a shekara ta 1220.

Yana saurayi ya bi ayarin mahajjata a ƙasa ya nufi Iraƙi neman ilmi, ya kuma yi shekaru 8 a can. Bagadaza a wannan lokaci tana tsakiyar aikin fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci, na likitanci da lissafi da taurari da falsafa, kuma babban jigon wannan fage shi ne Yaƙub ɗan Ishaƙ al-Kindi, wanda ake kira masanin falsafar Larabawa. A cikin almajiransa ake lissafa Abu Zaid. Ya kamata a riƙe wannan suna, domin shi al-Kindi ya rubuta wata risala a kan dabarar kore baƙin ciki, kuma ana jin ƙamshinta a cikin aikin almajirin nasa. Bayan falsafa da taurari da likitanci, Abu Zaid ya zurfafa a ilmin addini. Marubuta tarihinsa sun ce da farko ya karkata ga aƙidar Imamiyya, ya yi ta kai da komowa tsakanin ƙungiyoyin da ke jayayya a wancan zamani, kafin hankalinsa ya kwanta. Sun kuma ce duk da saninsa da tafiyar taurari, bai yarda da duba da su ba.

Da ya koma Balkh sai ya ɗauki sana'ar mahaifinsa, ya zauna yana koyarwa. Yaƙut al-Hamawi, wanda ya rasu a shekara ta 1229, ya tattara labarinsa a cikin kundinsa na tarihin marubuta, ya kuma kawo siffarsa daga bakin waɗanda suka gan shi: mutum ne siriri, matsakaicin tsawo, mai duhun fata, idanunsa sun ɗan fito, fuskarsa da zanen agana, ga shi da yawan shiru da kamun kai. In ya ɗauki alƙalami kuwa sai ya zama wani mutum dabam, har aka yi masa laƙabi da Jahizin Khurasan, ana kwatanta shi da al-Jahiz na Basra wanda babu kamarsa a rubutun zube na Larabci.

Malami a wancan zamani da kyautar manya yake rayuwa, kuma kyautar manya tana da igiya. Abu Zaid ya ɗanɗana wannan har sau biyu. Ibn Nadim, a cikin littafinsa al-Fihrist da ya kammala wajen shekara ta 987, ya ba da labarin yadda wani kwamandan yaƙi, Husaini ɗan Ali al-Marwarrudhi, da ɗan'uwansa suke ba shi wani abu a kai a kai, amma da ya rubuta littafi a kan yadda ake tawili, abin da ya rubuta bai yi musu daɗi ba, suka yanke. Haka ma waziri al-Jaihani na daular Samaniyawa ya janye tasa kyautar bayan wani littafi da Abu Zaid ya yi a kan hadaya da yanka. Akwai kuma waɗanda suka zarge shi da fita daga hanya saboda kusancinsa da falsafa, alhali littafinsa a kan tsarin Alƙur'ani, Nazmul Ƙur'an, yana cikin waɗanda malamai suka fi yabawa. Mutumin da zai rubuta babi a kan yadda ake haƙuri da hasara, ashe ya san ta a aljihunsa.

A shekara ta 918 wani shugaba mai sunansa, Ahmad ɗan Sahlu al-Marwazi, ya karɓi mulkin Balkh, ya yi masa tayin wazirci. Abu Zaid ya ƙi, ya zaɓi aikin magatakarda, wazircin kuwa ya faɗa hannun abokinsa Abul Ƙasim al-Ka'abi, shahararren malamin Mu'utazilawa. Albashin waziri dirhami 1000 ne a wata, na magatakarda 500. Wannan daula ba ta yi nisa ba, domin shugaban ya yi wa Samaniyawa tawaye, aka kama shi, ya mutu a kurkuku a Bukhara wajen shekara ta 920. Daga baya sarkin Khurasan ya aika a kirawo Abu Zaid zuwa Bukhara. Al-Muƙaddasi ya ruwaito cewa ya kama hanya har ya iso bakin kogin Jaihun, wanda yau ake kira Amu Darya, da ya ga faɗinsa da ƙarfin ruwansa sai ya rubuta wa sarki cewa in dai saboda kyawun shawararsa aka kira shi, to shawarar tasa ta hana shi ƙetare wannan kogi. Sarki ya yi mamakin amsar, ya bar shi ya koma gida. Mai karatu yana iya yin murmushi a nan, ganin cewa wannan ne mutumin da ya rubuta babi guda a kan maganin tsoro. To amma wanda ya ga abin da ya sami ubangidansa a Bukhara yana iya zargin cewa ba ruwan kogin kaɗai ya hango ba.

Littattafan da aka lissafa masa sun kusa 60, a kan siyasa da tafsiri da nahawu da rabe-raben ilmi da wasan dara na shaɗaranji da sauransu, kusan dukansu sun ɓace. Littafinsa na taswira, Suwarul Aƙalim, wanda ya zana lardunan ƙasashen Musulmi kimanin 20 tare da gajeren bayani, shi ma bai iso gare mu da kansa ba, sai ta hannun al-Istakhri da Ibn Hauƙal da suka ɗora a kansa. Har yanzu masana suna kiran wannan salon zane da makarantar Balkhi.

Wanda ya tsira cikakke shi ne Masalihul Abdan wal Anfus, watau abubuwan da ke gyara jikuna da rayuka. Kashi biyu ne. Na farko babi 14 ne a kan lafiyar jiki, ya taɓo muhalli da ruwa da iska da sutura da abinci da barci da wanka da motsa jiki da tausa da turare, har da sauraren kiɗa. Irin wannan likitoci da yawa sun rubuta kafin shi. Kashi na biyu, mai babi 8, shi ne sabon abu, kuma shi kansa ya san haka, domin ya yi ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun taƙaita ga jiki, suna ganin abin da ke damun rai ba aikinsu ba ne. Hujjarsa mai sauƙi ce. Mutum yana iya yin shekaru bai kwanta ciwo ba, amma da wuya ya yi yini guda bai ji haushi ko fargaba ko ɓacin rai ba. Saboda haka buƙatar maganin rai ta fi ta maganin jiki yawa, kuma su biyun a sarƙe suke, in jiki ya yi ciwo tunani ya dagule, in rai ya ɓaci sai jiki ya biya.

Tushen dabararsa shi ne cewa tunani ake magance tunani da shi, kuma ba a ranar tashin hankali ake neman sa ba. Ya yi misali da mai hankalin da yake ajiye magunguna a gida tun yana lafiya, saboda ranar da ciwo zai zo ba likita a kusa. Haka ya ce mutum ya yi da zuciyarsa: lokacin da take kwance ya zauna ya tanadi wasu tunane-tunane na gaskiya game da halin duniya, ya maimaita su har su zauna, domin ranar da fushi ko firgita ta taso ya tarar da su a hannu. Ya kuma shawarci mutum ya horar da kansa da ƙananan abubuwan ban haushi na yau da kullum, don kada babba ya zo ya same shi ba shiri. Bayan wannan magani na ciki akwai na waje, watau mutumin kirki mai hankali da za a saurara, domin a ganinsa mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani bisa ga tasa, kuma wanda abin ya dama tunaninsa a lokacin a rufe yake.

Babin fushi da masu mulki ya fi yi, ba mamaki, tun da ya zauna a fada ya ga abin da fushin mai iko yake haifarwa. Ya ba da shawara sarki ya ajiye mutanen da ya ba izini tun da wuri su yi masa magana in ya hasala. Ya kwatanta fushi da wuta da ake iya kashewa tun tana ƙarama, da kuma doki da ake iya ja wa linzami a farkon zabura, in ya riga ya ɗauki gudu kuwa sai abin da hali ya yi. Daga cikin abin da ya ce mai fushi ya tuna akwai nadamar da ke biyo bayan hukuncin gaggawa, da alherin da mai laifin ya taɓa yi a baya, da kuma cewa son zuciyar da ya ja wancan ga kuskure shi ma yana da irinsa. Sa'an nan kada ya yanke hukunci a ranar, kada ma ya haɗa ido da wanda ya ɓata masa rai sai ya huce. Maigida da iyalinsa, ko mai shago da yaronsa, ba sa buƙatar a yi musu fassarar wannan.

A kan tsoro ya lura da cewa yawancin abin da mutum yake zullumi ba ya aukuwa, wanda ya auku ma sau da yawa bai kai yadda aka zata ba. Ya kawo misalin baƙauyen Balarabe da ya je ƙasa mai sanyi ya hango hazo ya toshe hanya, ya ɗauka wani abu ne mai kauri da ba ya ratsuwa, da ya shiga sai ya tarar iska ce mai laima, yana numfashi a cikinta lafiya lau. Ya kuma lura da cewa sabo yana kashe tsoro. Likita ya saba da ganin rauni, soja ya saba da filin daga, matuƙin jirgin ruwa ya saba da igiyar teku, alhali wanda ya fara gani sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Don haka ya ce mai tsoron abu ya tilasta wa kansa ji da ganin abin, sau da yawa, har ya zame masa jiki. A shekara ta 1958 ne likitan nan ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya wallafa tsarinsa na kusantar da majiyyaci ga abin da yake tsoro mataki-mataki, kuma har gobe da irin wannan hanya ake yi wa masu tsoron hawa jirgin sama ko shiga taro magani.

Inda ya fi nuna idon likita shi ne a kan baƙin ciki. Ya raba shi biyu. Akwai wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwar masoyi ko hasarar dukiya, wannan da tunani da lallashin aboki ake magance shi: mutum ya auna abin da ya rasa da lafiyarsa da yake neman rasawa a kai, ya tuna ba a kansa aka fara ba, ya kuma san cewa zafin musiba a farkonta yake, kowace rana tana rage wani abu. Akwai kuma wanda yake saukar wa mutum haka kawai, ba mutuwa ba hasara, ya wayi gari jikinsa ya mutu, ba ya sha'awar komai, in an tambaye shi dalili ba shi da amsa. Abu Zaid ya ce wannan daga jiki yake, kuma jikin za a yi wa magani, a haɗa da hira mai daɗi da abin da zai faranta rai. Bayanin da ya bayar na gurɓacewar jini ya faɗi tare da tsohon ilmin Jalinus na ruwayen jiki huɗu. Amma rarrabewar da ya yi tana da amfani har yau, musamman ga dangin da suke ce wa mai ciwon damuwa ya yi haƙuri kawai, ko su tuhume shi da rashin godiyar Allah tun da ba abin da ya rasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutane miliyan 280 ne suke fama da wannan ciwo.

Babi na ƙarshe, kuma mafi tsawo, a kan waswasi ne, kalmar da Hausa ta ara daga Larabci ba ta canza mata ma'ana ba. Ya siffanta mutumin da wani mugun tunani yake maƙale masa, yana dawowa ba da sonsa ba, yana raya masa cewa wata masifa tana gab da afka masa, har ya hana shi jin daɗin abinci da sauraren mai yi masa magana. Ya ce wani da shi aka haife shi, wani kuma daga baya yake samunsa. Abin lura shi ne malami mai tafsirin Alƙur'ani ya sanya wannan a jerin cututtuka masu magani, bai mai da shi shaidar raunin imani ba. Maganin waje da ya bayar shi ne guje wa kaɗaici da zaman banza, domin zuciyar da ba ta da abin yi kanta take ci. Wanda ya yi zaman baƙunci a wata ƙasa, ɗaki ɗaya ba maƙwabci ba zaure, ya san gaskiyar wannan. Na ciki kuwa shi ne mutum ya yi wa tunanin gardama kamar a gaban alƙali: ya dubi tsawon lokacin da ya yi yana jiran masifar ba ta zo ba, ya dubi sa'o'insa da suke zaune lafiya, ya tuna cewa a tsarin halitta lafiya ita ce ta fi yawa. A shekara ta 2015 wasu masana biyu a Amurka, Rania Awaad da Sara Ali, suka gwada siffofin da ya kawo da ma'aunin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke aiki da shi wajen gane ciwon waswasi, suka tarar sun dace ƙwarai.

A nan ne kuma ya kamata a yi hattara da zumuɗi. Tun daga aikin da Victor Meyer ya yi a London a shekara ta 1966, likitoci sun gano cewa mai waswasi mai tsanani, irin wanda yake sake alwala sau goma ko ya koma duba ƙofa sau ashirin, yawan gardama da tunanin da yawan neman a kwantar masa da hankali suna iya ƙara wa ciwon ƙarfi. Abin da ya fi yi masa aiki shi ne ya bar shakkar tana nan, ya ƙi maimaita aikin, har fargabar ta sauka da kanta. Abu Zaid bai kai nan ba. Haka kuma bai yi gwaji a kan majiyyata ya ƙidaya waɗanda suka warke ba, kamar yadda Aaron Beck na jami'ar Pennsylvania da abokan aikinsa suka yi bayan ya fito da hanyarsa ta gyaran tunani a shekarun 1960. Beck da Albert Ellis ba daga Balkh suka ɗauko ba, su da kansu sun ce daga masana falsafar Girka da Rum na dā suka sha, kuma ruwan wannan rijiya ya iso Bagadaza tun kafin Abu Zaid ya je. Abin da yake nasa, wanda ba mai ƙwace masa, shi ne ya fitar da batun daga zauren masana falsafa ya shigar da shi littafin kiwon lafiya, kusa da babin abinci da na barci, ya rubuta shi da harshen da mai karatu na yau da kullum zai gane ya yi aiki da shi.

Ƙarshen rayuwarsa a ƙauyensu ya yi shi, a wata gona da ya mallaka, yana karatu yana koyarwa. Daga cikin almajiransa akwai Abul Hasan al-Amiri, wanda ya zama babban masanin falsafa ya rasu a shekara ta 992. Abu Zaid ya haura shekaru 80 kafin ya cika.

Littafin kuwa ya yi ƙarnoni a kwance. Kwafi biyu na rubutun hannu suka tsira a taskar littattafai ta Aya Sofiya a birnin Santambul. A shekara ta 1984 shaihin malamin nan Baturke, Fuat Sezgin, ya buga hoton rubutun a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, a shekara ta 2005 kuma aka fitar da shi da gyararren bugu a Alƙahira. Wanda ya kai shi hannun masana halayyar ɗan Adam shi ne Farfesa Malik Badri, ɗan ƙasar Sudan haifaffen garin Rufa'a, wanda ya sami horo a asibitin Middlesex na London a shekarun 1960. Shi ya fassara kashi na biyu zuwa Turanci, aka buga a shekara ta 2013, shekaru 8 kafin rasuwarsa a ƙasar Malesiya.